Sayen Ɗanyen Kifi: Mai Saye Ma Yana Da Laifi

Jama'a, wannan mako za mu ɗan jingine maganar gero da dawa da taki, mu leƙa wajen masu kifi a kasuwa. Watakila wani ya ce ina ruwan filin manoma da kifi. To, da ruwansa ƙwarai. A nan ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, sau da yawa hannun da ya riƙe fartanya da damina shi ne ya ke riƙe koma da rani. Tafkin da a ke su a cikinsa kuwa shi ne shanunmu su ke sha, da shi kuma mu ke ba albasa da tumatir ruwa. Abin da ya sami kifi ya same mu ke nan.

Bari in fara da abin da ya faru gare ni, don kada a ce ina hangen laifin wasu na manta da nawa. Wata ranar kasuwa a Nasarawa Burkullu, cikin tsakiyar bazara, na gama 'yan hidimomina bayan la'asar, na biyo ta wajen masu kifi. Na tarad da wani ya kasa karfasa kashi-kashi a kan buhu a ƙasa. Na taya, ya sallama mini nan da nan, har ya yi mini gyara. Na ce, "Malam, na yaushe ne?" Ya ce, "Wallahi Alhaji, wanga kihi na yau na." Na biya, na kama hanya ina murna na yi ciniki. Da na isa gida uwargida ta danna ɗaya da yatsa, ta ga wurin ya lotsa bai taso ba, ta ce, "Malam, wannan kifi ai ya gaji." Na ce a dai soya, a cika yaji. Aka soya, aka ci. Kafin asuba mutum uku a gidan suna zaryar bayan gida, ƙaramin cikinsu sai da aka kai shi aka yi masa ƙarin ruwa. Abin da na kashe wajen magani ya isa in sayi kifi mai kyau har in yi wa maƙwabta alheri.

Mai kifin nan bai yi mini ƙarya ba. Kifinsa na ranar ne, amma na asubar ranar, ya wuni a rana ƙuda na bi. Ni kuwa na yi tambaya, amma irin tambayar wanda ya riga ya zaɓi amsar da ya ke so ya ji. Araha na gani, ban ɗaga kifi ko ɗaya na duba ba. Maganar da na ke so in yi yau ke nan. Kullum mu kan zagi masu kifi, mu zagi hukuma, amma tambayarmu ta fari a kasuwa ita ce "nawa?", ta ƙarshe kuma "rage mini." Ɗan kasuwa kuwa abin da a ke nema shi ya ke kawowa. In araha kaɗai mu ke nema, araha zai kawo, ko ta wace hanya ya samo ta.

Kifi ba kamar naman sa ba ne da zai wuni a rataye wurin mahauci. Tsokarsa laushi gare ta, ga ruwa, kuma ƙwayoyin da su ke ruɓar da shi suna nan tare da shi tun yana da rai, a cikin hanjinsa da kunnensa da yauƙin jikinsa. Da zarar ya mutu sai su kama aiki, zafi kuwa shi ne abokinsu. Kifin da zai yi mako biyu a cikin ƙanƙara, a zafin watan Afrilu irin namu da ƙyar ya ke kai awa 12. Saboda haka kasuwar ɗanyen kifi kasuwar safe ce. Wanda ya zo bayan la'asar neman rahusa, saura ya zo saye.

Duban kifi ba wani ilmi mai zurfi ba ne, kakanninmu mata sun iya shi ba su shiga makaranta ba. Ka fara da ido. Sabon kifi idonsa a cike ya ke, garau, ya ɗan turo waje. In ya jima sai ya faɗa ciki ya yi hazo. Sa'an nan ka ɗaga marfin kunnensa, inda ya ke numfashi, ka leƙa. In ja ne wur, madalla. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka yana yauƙi, ajiye wa mai shi abinsa. Ka danna bayansa da yatsa, tsokar sabo ta kan taso nan take. Ka dubi ciki, gama daga nan ruɓa ta ke farawa, cikin da ya kumbura ko ya fashe ya gama magana. Sauran aiki na hanci ne. Ƙarni dabam, ɗoyi dabam, ba kuwa wanda bai san bambancinsu ba sai wanda araha ta toshe wa hanci, kamar ni ran nan. Wasu masu kifi su kan yi ta yayyafa masa ruwa don ya yi ƙyalli. Ruwa yana gyara fata, amma ba ya gyara kunne, don haka kada ka ji kunyar ɗagawa. Mai kifin kirki ba ya jin haushi, shi ma zai ɗaga maka da kansa.

Tarwaɗa ta fi sauƙi. Allah ya yi mata wata halitta a bayan kunne wadda ta ke shaƙar iska da ita, shi ya sa ta ke daɗewa da rai a ɗan ruwan baho. Saye ta tana motsi, a kashe ta a gabanka. In ka ga matacciya an ware ta gefe an karya kuɗinta, ka tambayi kanka tun yaushe ta mutu, me kuma ya kashe ta.

Wannan tambaya ta "me ya kashe shi" ita ce ta kawo mu ga babbar magana. Kifin la'asar cikin mutum ɗaya ya ke ɓatawa, ko na gida ɗaya. Akwai wanda ya fi shi sharri nesa ba kusa ba, watau kifin guba. Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasarmu ya wuce Gummi ya nufi Jega, da Gulbin Ka da ya ke kudu da mu, duk biyu in rani ya tsananta su kan janye, ruwa ya rage gurbi-gurbi, kifi ya taru a wuri ɗaya. A nan ne marar tsoron Allah ya kan zo da dare da kwalba.

Sa wa kifi magani ba yau aka fara ba. Tun da can akwai magimfa, wadda a kan daka ganyenta a zuba a tafki, kifi ya bugu ya taso. Ita ma ba abin yabo ba ce, amma ƙarfinta ba ya daɗewa a ruwa. Daga baya aka kawo Gamalin 20 don feshin koko a ƙasar Yarbawa wajen shekarun 1950, sai wasu suka gane yana kashe kifi, ya bazu cikin gulabe har ƙasar Gana. Wannan magani ya kan daɗe a laka da cikin kitsen dabba da na mutum, shi ya sa a 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin waɗanda za a daina amfani da su a gona. Amma ɗabi'ar ba ta tafi tare da shi ba. Yanzu ko wane maganin ƙwari da a ke sayarwa don wake ko auduga zai iya yin wannan aika-aika. Doka kuwa tana nan. Tun 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kamun kifi a gulabe da tafkuna, ta hana su da guba, ko da nakiya, ko da lantarki. Amma wane ɗan sanda ne zai kwana a bakin gurbi yana tsaron ƙurungu?

Ku duba lissafin da ni. Masunci na gaskiya ya sayi koma ko taru da kuɗinsa, ya kwana cikin ruwa da sauro, ya fito da abin da Allah ya ba shi, wata rana rabin kwarya. Mai guba kwalba ɗaya ya saya, kafin gari ya waye ya cika buhu. Su biyu suka zo kasuwa ɗaya. Wa zai fi karya kuɗi? Ni da kai kuwa muka wuce na farko muna cewa ya cika tsada, muka yi layi gaban na biyu. Mako mai zuwa masuncin nan na gaskiya zai yi tunani, ɗansa ma da ya ke kallo zai yi tunani. Da kuɗinmu mu ke koya musu wace sana'a ce ta ke biya. Gurbin da aka zuba wa guba kuwa ba manyan kifi kaɗai ya ke rasawa ba. 'Ya'yan kifi, da ƙwai, da kwaɗi, da ƙananan halittun da kifi ya ke ci, duk sun tafi. Da safe Bafulatani ya kawo shanu su sha, mata su zo wanki, yara su yi iyo.

Ba zan ce muku ido yana iya rabe kifin guba ko da yaushe ba, ba ya iyawa. Amma akwai abin da zai sa mutum ya ja baya. In ka ga tuli ya haɗa kowa da kowa, manya da ƙanana, karfasa da ƙurungu da tarwaɗa da 'yan mitsi-mitsi, duk matattu, har tarwaɗar da ba ta mutuwa da wuri, ba shaidar ƙugiya a baki, ba zanen raga a wuya, jiki ya saki tun da hantsi, ga shi kuma da araha ta ban mamaki a lokacin da kifi ya ke wuya, to, ka yi shakka. Wani lokaci har warin maganin za ka ji in ka buɗe ciki. Abin da ya fi duk wannan shi ne ka san mutumin da ka ke saye wurinsa, ka san garinsu, ka san ruwan da ya ke shiga, ka riƙe shi ko da ya ɗan fi tsada.

Mu manoma kuma akwai namu kason a ciki. Maganin nan daga rumbunmu ya ke fita. Wanda ya zo maka da rani, ba shi da lambu ba shi da wake a gona, yana neman ragowar maganin feshi, ka san abin da zai yi da shi. Har wa yau, mu daina wanke injin feshi a bakin tafki. Na sha ganin mutum ya gama feshin tumatir, ya gangara ya ɗauraye tankin cikin ruwan da ɗansa zai yi fatsa da yamma.

Haka kuma maganar ƙananan kifi. Gidan sauron da a ke rabawa don zazzaɓin cizon sauro, wasu sun mai da shi taru, ga shi kuwa da maganin ƙwari a jikinsa, ga idonsa ba ya barin komi ya wuce. Dokar nan ta 1992 ta sa iyakar idon raga kada ya gaza inci 3, sai a wasu irin su kaɗan da ta keɓe. Da farkon damina, sa'ad da gulbi ya ke malala cikin fadama, a lokacin ne kifi ya ke shiga ciyawa ya yi ƙwai. Wanda ya sayi mudun 'yan kifi kamar yatsa a wannan lokaci, irin baɗi ya ci. Ba manomin da zai dafa irin gyaɗarsa a watan Mayu, sa'an nan ya tsaya yana mamakin rashin amfani da kaka.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Za a ce, kai mai rubutu a jarida, ka san halin da talaka ya ke ciki? 'Yan bindiga sun hana noma a wurare da yawa, sun hana masunta kwana a gulbi, hanyoyin kasuwa sun zama abin tsoro, har a watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako baki ɗaya na wani lokaci. A 2024 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a Gummi. Mai iyali goma da ya ga kifi mai araha, za ka ce ya wuce? Ban ce talaka ya daina cin kifi ba, ga yara musamman yana da amfani ƙwarai. Cewa na yi ya sayi biyu masu kyau a madadin shida masu shakka, ko ya sayi banda mai kyau a daka a miya kowa ya samu. Mai kuɗi in cikinsa ya ɓaci yana da na mota zuwa Gusau. Talakan da ya ke ƙauye, hanya kuma ba ta biyuwa da dare, shi ne ya fi kowa bukatar ya duba kafin ya saya.

Bandar ma a dube ta. Wasu su kan fesa mata fiya-fiya ko Sniper don kada ƙwaro ya ci. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma hani dabam, bari dabam. Kifin da ya ke shimfiɗe a fili, ƙuda ya cika na maƙwabcinsa amma shi ko ɗaya bai sauka a kansa ba, ba tsabta ce ta kore su ba.

Akwai wata tambaya kuma wadda ta fi shafar ƙasarmu bisa ga sauran wurare: daga wane ruwa? Ba mu manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma da Tungar Guru, har likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka yi shekaru suna magani. Cikin wuraren da aka tarar sun gurɓata har da kududdufan da a ke wanke garin dutse. Ban da dalma kuma, masu haƙa su kan yi aiki da zaiba don ta kama zinariya. Zaiba in ta shiga ruwa ta kan hau jikin ƙananan halittu, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, ta yi ta taruwa. Dafuwa ba ta fitar da ita, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma ƙwaƙwalwar jariri da ɗan tayi ta fi yi wa lahani. A garin Minamata na ƙasar Japan aka fara gane wannan ciwo a 1956, a cikin iyalan masunta. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta janye hanin a ƙarshen 2024. Saboda haka kifin da aka kama a ramin da masu zinariya suka bari, ko a kududdufin da su ke wanki, ko kyauta aka ba ka kada ka kai wa mai ciki.

Kifin ƙanƙara da a ke kawowa cikin kwali ba sai mun daɗe a kansa ba. Su sukumbiya na teku ne, wani daga Norwe, wani daga Holan ko Rasha. A kan sauke shi a Ikko, watau Legas, ya yi tafiyar fiye da kilomita 800 kafin ya iso mu. In ya zo da ƙarfinsa kamar itace, lafiya lau. Abin tsoro shi ne wanda ya narke a hanya ko a shagon da wuta ta ɗauke, aka sake daskarar da shi. Za ka ga jini ya daskare a gindin kwali, kifin ya lanƙwashe ya manne da juna. Irin wannan kifi na teku in ya sha zafi ya kan tara wata guba da a ke kira histamin, mai sa ƙaiƙayi da ciwon kai da amai, suya kuwa ba ta kashe ta. Amma ɗanyen jatan lande da kaguwar teku, mu da mu ke nan mu bar wa mutanen bakin teku abinsu, busasshe ya ishe mu.

To, me za a yi a kasuwa? Ba sai an jira wani babban shiri daga Abuja ba. A ɗaga kifi daga ƙasa. A yi wa masu shi rumfa guda mai inuwa, da tebur ko gadon kara, nesa da turken dabbobi da juji. A sama musu ruwa mai kyau na wanki, gama da daminar 2025 kwalara ta shiga Nasarawa Burkullu da Gurusu da Adabka, mutum fiye da 200 suka kamu a ƙasar Bukkuyum, kuma ruwan da a ke ɗauraye kifi da wuƙa da hannu a ciki tun safe har yamma hanya ce ta irin wannan ciwo. A sa ƙa'ida, duk ɗanyen kifin da bai shiga ba zuwa azahar a fasa shi a kai wuta ya zama banda, kada a jira ya juya sa'an nan a ɓoye shi cikin hayaƙi. Wannan riba ce ga ɗan kasuwa, don banda mai kyau tana jiran mai saye har wata kasuwa. Duba-gari kuma ya riƙa zagawa da hantsi, ba ranar karɓar kuɗin rumfa kaɗai ba.

Wanda ya fi kowa iya wannan aiki shi ne Sarkin Ruwa, in an mayar masa da girmansa. Shi ya san ko wane masunci da ubansa, ya san gurbin da aka wayi gari kwaɗi sun mutu a bakinsa. Dubi Argungu. Bikin sunsu ya faro tun 1934, a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin tattali, asirinsa kuwa ba wani abu ba ne illa a kan tsare ruwan Matan Fada, ba mai shiga sai ranar da aka buɗe. Shi ya sa a ke fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Mu ma dattawanmu sun san wannan al'ada ta rufe tafki har ranar da za a yi shelar su. Ina roƙon hakimai da dagatai na Anka da Bukkuyum da Gummi su zaunar da Sarkin Ruwa da Sarkin Kasuwa wuri ɗaya, a yarda cewa wanda aka tabbatar ya zuba guba ba shi da wurin kasa kifi a kasuwar garin, a kuma miƙa shi ga hukuma.

Saura ku malaman ofis da 'yan kasuwa masu shago, waɗanda ba ku samun fita sai an tashi aiki. Ku ne manyan masu sayen kifin la'asar, kuma ku ne ku ke da abin biyan na safe. Ni dai tun ran nan na sake dabara. Na sami wani dattijo masunci, na san gidansa, na san ruwan da ya ke shiga. Ran kasuwa na kan aiki yaro tun da hantsi da kuɗi da bokiti mai murfi, in ce ya gai da Baba, ya karɓo abin da ya samu. Wata rana tarwaɗa biyu, wata rana karfasa, wata rana kuma yaro ya dawo da kuɗin ya ce Baba ya ce yau ruwa bai ba da komi ba, sai a yi miyar kuka da daddawa.